Layukan da Ke Ƙirjin Maiɗakina

A shekarar da aka karya darajar sefa, lokacin da kowa a unguwarmu ta Briqueterie ke kuka da tsadar shinkafa, aka yi wa maiɗakina aikin cire nonon hagu saboda ciwon daji. Da wurin ya warke, likita ya ce saura gashi da wani haske, wanda zai ƙone ɓurɓushin cutar da wuƙa ba ta kai gare shi ba. Mako biyar za a yi, kullum ban da Asabar da Lahadi.

Ranar farko wata ma'aikaciyar asibitin, 'yar kudu mai kaifin baki, ta auna ƙirjinta ta zana layuka da shuɗin alƙalami. Ta ce a kan layukan nan ake saita na'urar hasken. In suka goge sai an sake awo, masu jiran awo kuwa sun yi yawa, sai mu yi wata ba mu samu ba.

Muka dawo gida muna lallaɓa layukan. Wanka ya koma shafe-shafe da tsumma, batun tsarki kuma na nuna mata abin da shari'a ta sauƙaƙa wa marar lafiya. Abin da ba mu lissafa ba shi ne gumi. Ta ƙi barin suyar masa, wai zaman banza ya fi ciwon cin rai. Ranar wata Asabar da hantsi ta kira ni ɗaki.

"Malam, zo ka gani. Sun fara tafiya."

Layi biyu sun dushe, sai an ƙura ido.

"Kai da ka shekara talatin kana rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, layi biyu ne za su gagare ka?"

Na ɗauko alƙalamin kara da tawadar da nake dafawa da ƙaro. Na yi bisimilla, na bi sawun shuɗin a hankali. Ban taɓa rubutu a kan abin da ke numfashi ba. Na ce ta riƙe numfashinta, ta ce karan ne ke yi mata cakulkuli.

Ranar Litinin ma'aikaciyar ta leƙo ta kira ni ciki, da 'yar Hausarta da ta tsinta a kasuwar Elig-Edzoa.

"Baba, kai ne sabon dokta?"

Na ce ni ne mai laifin. Ta yi mini faɗa sosai, rabi da Faransanci. Ta ce in layi ya kauce da faɗin yatsa, hasken zai sauka inda huhu yake, ko zuciya. Ni kuwa ban san haka ba. Ta jiƙa auduga ta shafa, tawadata ta bi ruwa nan take, ga shuɗinta a ƙasa, daidai inda na bi.

"Hannunka yana da kyau. Tawadarka ce ba ta da amana."

Na ce ai don a wanke a sha ake yin ta.

Ta ara mini alƙalaminta, da sharaɗin in bi layin da nake gani kawai. In ya ɓace gaba ɗaya, kada in yi ƙoƙarin tunawa, in kawo ta. Haka na riƙa yi duk bayan la'asar, har fatar wurin ta yi duhu tana saɓa, ina bi ina kaffa-kaffa.

Ba mu rasa rana ko ɗaya ba. Ranar ƙarshe na mayar wa ma'aikaciyar alƙalaminta, ta girgiza shi a kunne ta ce na shanye mata shi. Sannan ta dubi maiɗakina ta ce, "Mama, je ki yi wanka."

Ni na ɗora ruwan da kaina, bokiti biyu. Ta daɗe a banɗakin da muke tarayya da maƙwabta har maƙwabciyarmu ta fara ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ki yi haƙuri, Yaya," in ji ta daga ciki. "Na mako biyar nake yi."