Akwatunan Malam Daudu

Yau Alhamis, 14 ga Agusta. Na tashi da ciwon gwiwa, tarin ma bai sake ni ba, a zaune na yi sallar Asuba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, 8 ga wata, Allah ya karɓi ranka a Roni, Malam Daudu. Sai Lahadi wani ɗan acaɓa ya gaya mini, kwana biyu da binne ka. Ajinmu ɗaya a elementare nan Kazaure, yanzu ni kaɗai na rage.

Shekara talatin kana malamin gona. Mutane suna tuna irin gyaɗar da ka raba musu, amma aikin da ka fi so shi suka mayar abin dariya. Kowace damina kana tsugune gindin suri ko kan ruɓaɓɓen ganye, kana tsinto wasu ƙwari sirara, masu gajerun fukafukai kamar 'yar shara, masu ɗaga bindi kamar kunama alhali ba sa harbi. Ka kafe kowanne da allura, ka rubuta gari da rana a 'yar takarda: Gwiwa, Kanya Babba, Babura. Ka taɓa ce mini, "Malam, waɗannan ko masu littafi ba su gama saninsu ba." Da idona ya raunana, kai kake zuwa duk Alhamis ka karanta mini jarida, ka ɗora mini gilashinka mai ƙara girman abu in ga ƙafafun ƙwaro.

Akwati tara ka bari cike da ƙwarin nan, masu murfin gilashi. Tun kafin sadakar uku aka zazzage takwas a tsakar gida, kaji suka tsattsage, takardun aka share su da shara. An ce akwatunan suna da kyau, mai agogo a kasuwa zai jera kaya a ciki. Katako suka gani. Ko mutum ɗaya bai tsaya ya karanta abin da hannunka ya rubuta ba, kuma cikinsu har da masu digiri.

Na kira ɗanka Zaharadeen, na ce ya kawo mini na taran in adana. Ya ce, "To Baba, ranar Alhamis in sha Allah."

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Uwargida Hajiya Rahamatu da 'ya'ya, Allah ya ba ku haƙuri. Fushina bai hana ni yi muku ta'aziyya ba.

Na kwashe littattafai daga kan teburi tun hantsi, na goge wurin. An kira Magariba. Zaharadeen bai zo ba.