Kaushin Babban Yatsa

Shekara talatin da ɗaya Wilma Tackett ta yi tana yi wa mijinta Orval mita a kan babban yatsansa. Duk lokacin zafi sai ya dawo daga kamun kifi a kogin Gasconade yatsan ya yi kaushi, don kifin bas a leɓen ƙasa ake riƙe shi, bakinsa kuwa kamar samfefar goge katako yake.

"Tsoho, kar ka taɓa min fuska da hannun nan," takan ce.

Da ya rasu, ta ɗauki sandar fatsarsa, ta tasa ƙanensa Dewey a gaba sai ya koya mata. Burinta guda ne, ta sake jin kaushin nan. Kifi uku suka kuɓuce mata. Na huɗu ta jawo shi, amma da ya wage baki sai tsoro ya sa ta hau laluben safar hannu.

"Haba matar yaya, biki za ki? Sa yatsa kawai, ba ya cin tsofaffi."

Ta sa. Bakwai ta kama ran nan, ta saki duka yadda Orval yake yi. A hanyar gida ta riƙa goga yatsan a kumatunta, Dewey da ke tuƙi ya mai da idonsa kan titi.