Siraju Galaga da Ɗan Uwansa na Ayalan

A ƙasar Sin, a wani lungu bayan titin Huanshi Lu, akwai tsohon gida mai matakalar katako, wanda wani iyalin Sinawa suka zauna a cikinsa tun kaka da kakanni kafin su bayar da shi haya. Mai kula da shi yanzu Sirajudeen Gallagher ne, mutumin zangon Kumasi, kuma nan fatake suke sauka. 'Yar farina ma nan take sauka. Bayan rasuwarta, da na karɓi cinikin jakunkunanta, ɗakinta ya ba ni, bai taɓa kiran sunanta a gabana ba.

Kanawa ba su iya faɗin Gallagher ba, sai suka mayar da shi Galaga. Shi kuwa da sunan yake ado. Yakan ce danginsa suna da ƙauye guda a ƙasar Ayalan, da gidan dutse mai hasumiya. Alhaji Shehu, mai sayen kaya a kasuwar Canaan, yakan tambaye shi yaushe za a raba gādo.

Bara matar Siraju, Hamdia, ta haihu a Kumasi. Ta aiko cewa kada a liƙa wa ɗanta sunan da ba a san asalinsa ba. Siraju ya daina cin abinci sosai.

Ana cikin haka, a motar zuwa Shiling, garin jakunkuna, ya haɗu da wani Bature mai sayen jakar fata, ɗan Ayalan, sunansa Gallagher. Siraju bai yi wata-wata ba. Ɗan uwa ba ya kwana a otal, don haka ya kwaso kayan mutumin, ya ba shi ɗakinsa, shi ya koma bencin zaure. Ya tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Baturen ya amsa cewa duk suna lafiya, don bai ga wata mafita ba.

Da muka zauna cin waake, shinkafa da wake irin na Kumasi, Shehu ya nemi labarin hasumiya. Baƙon ya ce a garinsu mai shago Gallagher ne, mai gyaran taya ma haka, kuma ba abin da ke can sai tumaki da ruwan sama.

"Hasumiya meyo," in ji Shehu, da kalmar da Sinawa 'yan shago suke cewa babu.

Siraju ya kira gwaggonsa Lariba ta bidiyo, ya nuna mata baƙon don ta ba da shaida. Tsohuwar ta kawo fuska daf da waya.

"Wannan jan mutumin ne ɗan uwanka? Kai, Siraju. Kakanka Ilu kuku ne. Wani Galaga ya yi wa girki a mahaƙar zinariya har ya tsufa, ana ce masa Ilu na Galaga. Da aka kai ubanka makaranta sai aka rubuta haka."

Shehu ya yi dariya har ya ƙware. Baturen, da aka fassara masa, ya miƙe zai bar ɗakin. Siraju ya ce ya zauna, baƙo ba ya tashi da abinci a gabansa.

Washegari Siraju ya same ni a matakala.

"Hajiyarmu, in bar wa yaron sunan ko in yar?"

Na ce masa ni dai ban ga sunan da ya kamata a yar ba, muddin akwai wanda ya ɗauke shi da mutunci.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Iliyasu, Ilu ke nan. Hamdia ta yarda da Galaga, tunda yanzu ta san daga wane murhu ya fito. Baturen ya aika da jakar fata ga mai jego.

Siraju ya bar zancen hasumiya. Yanzu cewa yake yi girki gādonsu ne, kuma duk wanda ya kushe waakensa ya taɓa zuriya.