Gonar Malam a bakin teku

Ni dai ban taɓa zuwa wurin ba, kuma ba ni da niyya. Daga benenmu na Vaulx-en-Velin, nan Faransa, zuwa kasuwa, nan duniyata ta tsaya. Amma ƙasar nan ta arewa na san ta sarai, don da kunnena na zaga ta.

Babban ɗanmu ne ya sami aiki can. Ya nuna mini a taswira: ƙasa ce ta miƙe cikin teku kamar babban yatsa, ruwa gabas, ruwa yamma, ruwa arewa. Wuyanta kuma fadama ce, da sanyi ya shigo sai ta cika. Ya ce shanu sun fi mutane yawa, iska kuma duk ta karkatar da itatuwa gefe guda.

Shekarar da maigidana Malam ya ajiye aiki a garin Saint-Fons ya tafi ganin ɗan namu. Bayan tafiyarsa na duba kwalbar irin kuɓewata, babu ita. Irin nan daga hannun innata ya fito, tun Damagaram. Shi ke nan abin da ya rage mini nata, ina ta ɓoyonsa har ranar da Allah zai ba mu ƙasa.

Na kira shi yana Paris, wajen sauya jirgi. Ya ce, "Hajiya, iri a kwalba ai zaman banza yake."

Washegari da hantsi ya kira, iska na ta bugun wayar.

"Ruwa ya janye! Fili iya ganinki, danshi sharaf, ba wanda ya kama ko taki ɗaya. Mutanen nan ba su san arziki ba."

A garinmu in tafki ya ja baya, wanda ya riga kafa alama shi ke da wuri. Malam ya jera duwatsu, ya ara cokalin miya, ya shuka. Wata tsohuwa mai tonon ƙumbar teku a yashi ta tsaya tana kallonsa, shi kuwa ya nuna mata iyaka, kada ta shigo masa.

Da la'asar na ji muryarsa ta sauya.

"Ya dawo."

"Wa?"

"Ruwan. Ko sallama babu."

Can baya ina jin ɗanmu yana cewa, "Baba, kullum haka yake yi, safe da yamma!" Malam ya ce to me ya sa bai rubuta a allo ba?

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Da ya dawo ko sannu da zuwa ban cika ba, na karɓi kayan wanki kawai. A naɗin ƙafar wandonsa na tarar da yashi, cikin yashin kuma 'yan ƙwayoyi baƙaƙe. Ban jira wata ƙasa ba. Na zuba su a tsohuwar tukunya bakin taga, biyu suka tsiro.

Ranar da na yi miya da ita, Malam ya lashe yatsa ya ce a dai riƙa tunawa, daga gonarsa ta fito.