Rumbun Badamasi a Kufai

A kasuwar Illo, in kana son sanin inda tiyar shinkafa za ta kai nan da wata biyu, wurin Badamasi mai awo ake tura ka. Haka aka saba fiye da shekara ashirin. Mutumin Kaoje ne, ɗan manomin shinkafa, kuma yana da shekara goma sha ɗaya ambaliya ta shafe musu gona da rumbu a yini guda. Tun daga ranar bai ƙara yarda da wani abinci ba sai wanda aka rufe da kwaɗo. Yana saye da kaka, ya kulle, ya jira damina ta yi nisa hatsi ya yi wuya, sannan ya buɗe. Cikinsa ma bai tsira ba: ga buhu ɗari a sito, amma dunƙulen fura ɗaya ne abincin ranarsa.

A gaskiya ba ribar ce ta fi masa daɗi ba, tambayar ce. Dillali ya tsallako daga Benin, ya durƙusa gefen tabarmarsa ya ce, "Malam Badamasi, ya ka ga kasuwa?" Shi kuwa ya ja gemu, ya ɗan yi shiru don a san magana tana da tsada. Wannan shirun ya fi masa nama daɗi.

Maƙwabcin rumfarsa Lauwali ne, mai garin rogo, wanda suka yi karatun allo tare. Lauwali hannunsa a sake yake, in ya auna tiya sai ya ƙara gyara har mai saye ya ji kunya. Badamasi yana ƙaunarsa ƙwarai, musamman da yake ya tabbata ba zai taɓa fin sa ba.

Sai ga wani wasan waya ya shigo gari ta rumfar cajin Nasrullahi. Sunansa na asali ya gagari bakin mutane, suka sa masa Kufai. A cikinsa duniya ta ƙone, ba gona ba gwamnati, kowa yana da ɗan mutum guda da zai ciyar, kuma da ƙusa ake ciniki. Gwangwanin kifi ƙusa talatin, kwalbar ruwa mai kyau hamsin, gasasshen ɓera shida. Direbobi suka kama, mahauta suka kama, har masu canjin sefa. Lauwali ya shiga don raha, amma da yake yana ciyar da duk wanda ya ratso zangonsa, labarin kowane ayari wurinsa yake fara sauka. Kafin wata uku ya zama shi ke faɗin farashi a Kufai.

Badamasi yana zaune yana kallo, manyan mutane masu iyali suna wuce tabarmarsa, su durƙusa gaban Lauwali. "Ya ka ga kifi, za shi tashi?" Ranar da ya ga Lauwali ya ja gemu ya ɗan yi shiru, ya ture furar ranar gefe bai sha ba. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ya sani. Mutumin da bai taɓa ajiye buhu biyu ba, shi ake tambaya!

Bai gaya wa kowa ba, ya sayar da buhu ɗaya ba lokacinsa ba, abin da bai taɓa yi ba, ya sayi babbar waya. Nasrullahi ya sa masa wasan ya nuna masa inda ake dannawa. Badamasi ya saurari rabi, don a ganinsa ba wanda zai koya masa kasuwa.

Ya shiga Kufai da dabarar Kaoje. Ɗan mutuminsa ya yi ta tonon ƙusa a rusassun gidaje daga safe har la'asar, duk abin da ya samu ya zuba a kifin gwangwani. Ya sami wani tsohon ɗaki ya mai da shi rumbu. Gwangwani hamsin, ɗari, ɗari biyu. Shi kuwa mai tonon, ɓera ɗaya a yini, wani lokaci rabi. Kifi ya fara wuya a kasuwar Kufai, ya kai ƙusa arba'in da biyar, aka fara tambayar wa ke kwashewa. Badamasi ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Amma ya ƙi buɗewa, yana jiran damina. Bai taɓa tsayawa ya lura ba cewa a Kufai sama ja ce kullum, ba kaka, ba damina, ba ranar da yake jira.

Wani hantsi Lauwali ya leƙo wayarsa, ya ga layin yunwar ɗan mutumin ya koma ja, saura ƙiris.

"Badamasi, mutumen nan naka yunwa za ta kashe shi. Buɗe gwangwani guda ka ba shi."

"In buɗe, ko? Don ku samu kifi ya faɗi?"

"Wallahi ba haka na ba. Wanga wasa in ya mutu, rumbun nan buɗewa shikai, kowa ya ɗiba."

"To mi ya dame ka? Ɗan Kaoje na, ya saba."

Ya juya masa baya, zuciyarsa fari tas, don ya tabbata hassada ce ta kama Lauwali a ƙarshe. Abin da ya yi wata biyu yana so ya gani ke nan. Wata mata ta zo awon gero, ya kife wayar a kan buhu, ya auna mata, ya share bakin tiyar da gefen hannu kamar kullum. Da ya ɗago wayar, ɗan mutuminsa yana kwance a bakin rumbu, ƙofa a wangale.

Kafin azahar duk Kufai ta ci kifi. Gwangwani ya faɗo ƙusa uku. A rumfar Nasrullahi aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, wani direba ya zo takanas ya yi masa godiya, ya ce tun da aka fara wasan bai taɓa ƙoshi ba sai yau. Lauwali kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce in Badamasi zai sake farawa, zai aiko masa gwangwani goma, da ɗaya gyara. Wannan tausayin ya fi dariyar ƙona masa rai.

Wayar tana ƙasan akwati yanzu. Badamasi yana nan a rumfarsa, sitonsa cike, furarsa dunƙule ɗaya, kuma har yau hasashensa kan shinkafa bai cika kuskure ba. Sai dai labari ya zaga kasuwa har wurin waɗanda ba su taɓa riƙe wasan ba.

Ran kasuwar da ta biyo, Hajiya Zuwaira mai tuwo a tasha ta zo, wadda shekara goma sha biyar ba ta sayen shinkafa sai da shawararsa. Ta gaishe shi, ta tambaya ko ta saya da yawa yanzu ko ta dakata. Badamasi ya ja gemu, ya yi ɗan shirunsa, ya ce ta saya, za ta tashi kafin wata ya mutu. Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafi. Sannan ta waiwaya rumfar da ke gefe.

"Lauwali, kai mi ka gani?"