Saƙon Rasuwar Baba Zuwa Sarayebo

Lafiya zuwa Legas

Ƙarfe biyar da kwata na asuba ɗan acaɓa ya sauke ni a tasha. A jakata akwai fassarar Hausa da Baba ya yi da hannunsa ta littafin wani abokinsa, farfesa ɗan Bosniya da suka yi karatu tare a Alƙahira. Mutumin ya sha ɗauri saboda rubutunsa, ya zama ɗan majalisa lokacin yaƙin ƙasarsu, daga baya ya koma koyarwa. Shekara arba'in suna musayar wasiƙa da Larabci. Da Baba zai cika, ya ce in kai masa fassarar hannu da hannu, in gaya masa rasuwar baki da baki.

Kafin in fito Inna ta ja ni gefe. "Tsoho ne, kuma an ce ba lafiya gare shi ba. Kada ka kwaɗa masa maganar daga sallama. Ka bi a hankali, yadda ake yi."

Direba ya ce, "Malam, jakan nan ka sa a but." Na ce a cinyata za ta zauna. Bayan Akwanga 'yan sanda suka tsayar da mu, ɗaya ya buɗe jakar, ya ga takardu zalla, ya miƙo mini. Takwas muna Keffi, tara da rabi Abuja. Jirgin sama na ƙarfe ɗaya ya kai ni Legas, na kwana wurin wani ɗan'uwa a Agege.

Sarayebo

Ta Istambul muka bi zuwa Sarayebo, babban birnin Bosniya. 'Yar Farfesa ce ta tarbe ni da azahar, cikin sanyin da ya sa na raina rigar da na saya a kasuwar Lafiya. Duk tudun da na kalla fararen duwatsun kabari ne, har a filin da ta ce dā ƙwallo ake bugawa.

Na same shi a kujera, bargo a gwiwa, littattafai har rufi. Aka kawo gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, yaya ɗan'uwana?"

Na ce, "Jikin dai ya yi nauyi, amma yana gaishe ku."

A wurinmu, wanda ya ji haka daga bakin da ya yi tattaki mai nisa zai yi shiru, ya fara shirya zuciyarsa. Shi kuwa hamdala ya yi. Ya rungume fassarar yana dariya, ya ce rubutun Baba har yanzu kamar tafiyar kaza. Washegari na tarar ya cika shafi huɗu na wasiƙa, har da shawarar abin da Baba zai riƙa ci. Kunya ta rufe ni, na kasa gyarawa. Kwana biyu ina cin abincin gidansa ina jin kamar sata nake yi.

Ƙauyen kan dutse

Rana ta uku, ƙarfe bakwai, muka tafi jana'iza a wani ƙauye da shi da 'yarsa, ita ke tuƙi, tafiyar awa biyu. Akwatin ƙarami ne, mutum ɗaya ma zai ɗauka. Ƙasusuwan wani ɗalibinsa ne da ya ɓace a yaƙin, sai yanzu aka tono su. Uwar mamacin na tsaye, ba ta kuka.

A hanyar dawowa ya ce, "Sama da shekara goma tana zuwa ofishina, tun ina ɗan majalisa, tana roƙon in gaya mata ko ya mutu. Na rubuta littattafai, amma wannan amsa ɗaya ban da ita. Yau za ta yi barci."

Na roƙi 'yarsa ta tsaya a gefen titi. Na ce, "Baba, ku gafarce ni. Abokinku ya rasu, wata biyar ke nan. Abin da ya kawo ni ke nan."

Ya yi salati, ya tambayi ranar, da wanda ya yi masa salla. Sannan ya ce, "Na san tausayi ne, ɗana. Amma ka hana shi addu'ata ta kwana uku, kuma ni ba ni da kwanaki da yawa." Ya buɗe ƙofa, ya dafa kafaɗata, muka yi wa Baba salla a bakin hanya, motoci na wucewa.

Komawa gida

Ranar tafiya na so in bar masa wasiƙar da ya ba ni in kai wa Baba, ya ƙi karɓa. "Tasa ce. Na rubuta wa mai rai, ba zan sake ta ba."

Na iso Lafiya da la'asar ranar Alhamis. Inna ta ce, "Ka bi a hankali dai?" Na ce na bi. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen gidan da suka riƙe ni kamar ɗa. Da safe na tafi maƙabarta da wasiƙar, na zauna gefen Baba na buɗe. Layin farko cewa ya yi, "Ɗanka ya ce kana nan, hankalina ya kwanta." Daga nan ban iya ci gaba ba.