Ranar da Garba Ya Ƙi Nono

Ku matso kusa ku ji, don wannan ban cika faɗa wa kowa ba. Wata Laraba da hantsi, a daminar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya, muna sababbin zuwa Tudun Wada, ƙanena Garba ya ƙi nono. Watansa huɗu. Inna ta juya shi dama, ta juya shi hagu, sai tsala ihu yake yana miƙe ƙafafu. Kafin shi ta binne 'ya'ya biyu.

Ni ce mai renonsa, ina 'yar shekara tara, kuma makon nan Inna na kwance da zazzaɓi, har wankansa ni nake yi, sama-sama. A gidanmu in jariri ya yi kashi, ɗora shi ake a kan ƙafafu a wanke shi da ruwan ɗumi. To rijiya da nisa, hura wuta da jiƙaƙƙen kara aiki ne, ga ƙawayena suna jirana da carafke a ƙofar gida. Baba kuwa wanki yake yi wa wani Bature, ya kawo tsohon tawul fari mai laushi. Ni a wautata, abin da Bature ke goge fuska da shi ai ya fi ruwan rijiya tsabta. Sai na riƙa goge Garba da shi, in shanya a kan danga, in ruga wasa. Kwana biyar ina haka.

Aka kira Goggo Asabe, ungozomar unguwarmu. Tana kwance masa zani ta ga matsematsinsa ya yi jawur, fata ta fara saluɓewa. Ta ce, "Wa ke masa tsarki?" Na fashe da kuka, na faɗi komai. Ta dubi Inna ta ce, "Kwantar da hankalinki, Hauwa, ba iska ba ne, ba baki ba ne, ƙazanta ce kawai." Ni kuma ta ja kunnena: "Ke uwar wayo, gogewa ai shafa kashi ne, ba cire shi ba." Ta jiƙa bagaruwa a ruwan ɗumi, ta wanke shi a hankali, ta bar shi ya sha iska a kan tabarma, sannan ta shafa masa man kaɗanya. Kafin la'asar ya cafki nono har da gurnani. Inna ta yi wata ajiyar zuciya da har gobe nake jin ta. Ko dukana ba ta yi ba, mantawa ta yi.

Garba ya rayu har ya ga jikokinsa. Yanzu kuwa ina ganin 'yan mata da auduga da hoda daga kanti, a goge, a barbaɗa, a naɗe yaro, famfo yana tsakar gida yana zuba. Nakan yi kewar hannun tsofaffin nan da ba sa gaggawa. To ku da ruwa ya biyo ku har cikin gida, me ya hana ku wanke 'ya'yanku?